Ga 'yar'uwar da saƙonnin baƙin harshe suka addabi gurup ɗinta

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki raina na sosuwa, don abin da kike ciki na shiga, na kuma san ɗacinsa. Kin ce gurup ɗin ɗalibanki na Telegram ya cika da saƙonni cikin Rashanci da Sinanci da wasu harsunan da ba ki ma iya gane su ba, kina gogewa suna dawowa, kina tambaya ko ki saka bot, wato manhajar da ke aiki da kanta a cikin gurup, ya riƙa share duk rubutun da ba Hausa ko Turanci ba. Don Allah kada ki yi haka. An yi a namu, kuma ɓarnar da maganin ya yi ta kusa kai ta cutar.

Namu gurup na masu koyon kwamfuta ne, mafi yawa mata, wasu ma tare da iyayensu mata suka shigo don su ga abin da ake koyarwa. Ni ke yin darasi, ni ke amsa tambaya, amma wani bawan Allah ne ya buɗe gurup ɗin, don haka shi ne mai shi a wurin Telegram. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa. Mutumin nan ba abin da ya dame shi sai yawan mambobi. Ashe duk inda ya ga taro a intanet sai ya liƙa linkinmu, ƙarƙashin labaran manyan shafuka, da waɗancan shafukan da ke tara linkin gurup-gurup kowa ya ɗauka. Na ga baƙin sunaye suna shigowa, hoton Baturiya, suna da lambobi a ƙarshe, ba sallama ba komai. Na yi masa magana ya ce ai ci gaba ne, gurup ya fara zama na duniya.

Wata asuba na tashi na tarar da kiran waya jere, na ɗauka rasuwa aka yi. Ina buɗe gurup hannuna ya fara rawa. Waɗannan masu shirun duk sun farka lokaci guda cikin dare, sun zuba bidiyon batsa da hotunan da ba zan iya kwatanta miki ba, kowanne da rubutun Rashanci a ƙasa da linki. Ina gogewa ina kuka. Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau saƙon murya ne na mahaifiyar wata ɗaliba, dattijuwa mai mutunci, ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi: "Malama, ashe abin da kuke koya wa 'ya'yanmu ke nan?" Ta fita da 'yarta. Na kira ta ba ta ɗauka ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Wasu magidanta suka sa matansu fita, wata ta turo mini cewa mijinta ya karɓe wayar gaba ɗaya. Sunana ne a bakin kowa, domin ni aka sani, muryata ake ji kullum.

Shi kuwa gogan sai da rana ta take ya leƙo, kuma abin da ya rubuta a gaban kowa shi ne wai admin ɗin da aka bar wa tsaro ta yi barci. Ni! Yaushe aka raba mana dare da rana? Wa ya watsa linkin? Bai ce uffan a kan wannan ba. Har yanzu in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa, Allah dai ya isa. Kuma ba ni da ikon cire shi, don a Telegram admin ba ya iya taɓa wanda ya buɗe gurup, sai dai shi ya miƙa mallakar da kansa.

To daga nan ne ya kawo irin dabarar da kike tunani. Ya saka Rose, wanda bot ne mai kyau, ni ma shi nake amfani da shi yanzu, laifin na mai saitawa ne. Ya kulle haruffan Rashanci, ya kulle na Sin da Japan da Koriya, sannan ya kulle duk rubutun da ake yi daga dama zuwa hagu. Ya manta da Larabci ke nan. Mahaifin wata ɗaliba ya rasu, mutane suna turo addu'a da harafin Larabci, bot na bin su yana sharewa ɗaya bayan ɗaya, yarinyar na gani. Bai tsaya nan ba, ya samo wani bot ɗin da ke goge duk harafin da ba ya cikin baƙaƙen Turanci. Kin san kuwa ƙ da ɗ da ɓ ba sa ciki. Sai ya zama wanda ya fi kowa iya rubuta Hausa daidai shi ake kora, mai rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa" ya tsira. Ba za a ma ce an jefar da jariri tare da ruwan wanka ba, don ruwan ma bai zube ba: cikin ɗan lokaci saƙonnin suka dawo da Turanci, daga baya da Hausa.

Eh, da Hausa. Tun Disambar 2013 Google Translate ke fassara zuwa Hausa, yanzu ga manhajojin AI sun ƙara sauƙaƙa musu. Za ki ga saƙo kamar "Barka da rana 'yar'uwa, kana neman aiki daga gida?", an haɗa mace da namiji a jimla ɗaya. Wannan alama ma ta fara ɓacewa. Shi ya sa nake ce miki harshen ba shi ne matsalar ba. Na'ura ce ke bin intanet tana tsintar linki, ta shigar da asusun bogi, ba ruwanta da abin da kuke magana a kai. Rashanci kika gani don da shi aka rubuta tallar tun asali.

Yau ɗin nan, kafin komai, ki soke linkin da kike da shi ki fitar da sabo, kuma sabon ki sa masa sharaɗin sai admin ya amince kafin mutum ya shigo. Tun 2021 Telegram ke da wannan. Idan gurup ɗin na fili ne mai suna da ake iya nemowa, ki mai da shi na sirri ko da na ɗan lokaci. Kafin ki soke tsohon ki duba, Telegram na nuna waɗanda suka shigo ta kowane linki, a nan za ki kama masu kwanton ɓauna da ba su fara aiki ba tukuna. Su ne suka kashe ni. Duk wanda ba wanda ya san shi, bai taɓa cewa komai ba, ki yi masa magana, in bai amsa kamar mutum ba ki fitar da shi ba tare da jin nauyi ba.

Kuma ki daina goge saƙo ɗaya-ɗaya, wahalar banza ce. Idan kin danna gogewa akwai zaɓi da ke fitowa: ki kori mai shi, ki kai ƙararsa, ki share duk abin da ya taɓa turowa. Ki zaɓe su duka a tare. Idan mambobinki sun kai 200, akwai matatar saƙon banza ta Telegram kanta da aka fito da ita a Disambar 2022, tana ɓangaren admin, ki kunna. Wani lokaci takan haɗa da saƙon mutumin kirki, sai ki leƙa jerin abubuwan da suka faru kwanan nan, wanda ke ajiye na awa 48, ki nuna mata ta yi kuskure. Idan sun kai 100 kina iya ɓoye jerin sunayen mambobi, ki yi hakan, domin bayan an kore su daga gurup bin mutane suke yi ta saƙon sirri.

Maganar saƙon sirri ta tuna mini wata ɗalibata, yarinya mai hankali. Suka bi ta da cewa aiki ne, ta riƙa danna alamar so a bidiyon YouTube ana biyanta. Sun biya ta da farko, kuɗi kaɗan, ta ga gaskiya ne. Suka kai ta wani gurup da kowa ke turo hoton ribar da ya ci, ashe duk su ne. Sai aka ce ta zuba nata don a ba ta babban aiki. Ta zuba, ta ranto ta ƙara, wai sai ta cika kafin a sakar mata na baya. Kunya ta hana ta faɗa sai da komai ya tafi. Ki gaya wa naki da bakinki, cikin saƙon murya ba rubutu ba, cewa duk aikin da za a ce ka fara biya kafin a biya ka damfara ce, kada kuma wanda ya sauke fayil ɗin APK, wato fayil ɗin saka manhaja a waya, da baƙo ya turo, kada wanda ya ba wani lambar da ta shigo wayarsa ko da da sunan admin aka tambaya.

Wani abin da ya sanyaya mini jiki, na daɗe ina tsine wa masu turo saƙonnin nan, sai na ci karo da rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na Agustan 2023, wanda ya ce aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ake tsare da su ana tilasta musu damfara ta intanet. Da tallar aiki aka yaudare su suka je, aka ƙwace fasfo. Wato mai turo miki "sannu kyakkyawa" wataƙila shi ma a kulle yake. Ban ce ki ji tausayinsa ki bar shi ba, ki kore shi, amma kada ki ɓata lokaci kina zaginsa ko kina amsa masa, amsar ma tabbatar musu take yi cewa akwai mutum a layin.

Na ɗan kauce. Abin da ya fi yi mini aiki a sabon gurup ɗina, don daga ƙarshe fita na yi na buɗe nawa, shi ne tambaya a bakin ƙofa. Duk mai neman shiga sai na ce ya ƙarasa mini "Komai nisan jifa..." ko ya turo gajeriyar murya ya faɗi wanda ya ba shi linki. Na san na'ura na iya nemo amsar karin magana, amma masu watsa saƙo ga dubban gurup ba sa tsayawa, gaba suke yi inda ƙofa ke buɗe. Sannan na hana turo linki da bidiyo da tura saƙo daga wasu tashoshi sai ta hannun admin. Ki lura da masu wayo: su rubuta gaisuwa, bayan an manta su gyara saƙon su cusa linki. Wasu kuma ba sa sa komai, linkin na cikin bayanin da ke ƙarƙashin hotonsu. Kuma kada ki yarda da adireshi don kin ga ya yi kama da wanda kika sani, akwai haruffan Rashanci da ido ba ya bambanta su da a, e, o namu. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar adireshin da ke fitowa sak kamar na Apple alhali duk haruffansa na Rashanci ne. Irin wannan ne kaɗai ya sa na bar kullen haruffan Rashanci a kunne, tunda ba wanda ke rubutu da su a cikinmu. Larabci kam ban taɓa ba, ba kuma zan taɓa ba.

Dare kuma rufe gurup nake yi, ba mai iya rubutu sai da safe. An yi ƙorafi da farko, yanzu an saba. In ba za ki iya ba ki nemi wata amintacciya da ba ta barci da wuri, ki ba ta ikon gogewa da kora kawai, kada ki ba ta ikon naɗa wasu admin. Ku duka ku saka kalmar sirri ta mataki na biyu, don in aka yi wa admin ɗaya kutse an gama da gurup.

Masu gurup a WhatsApp da ke karanta wannan, ku ma kuna iya sabunta linki, kuma tun 2023 akwai amincewar admin kafin shiga. Naku ya fi haɗari ta wani ɓangaren, don lambar kowa a fili take. In kun kai ƙarar mutum saƙonninsa biyar na ƙarshe ne ke zuwa wurin kamfanin, saboda haka ku kai ƙara kafin ku goge. Za ku yawaita ganin +62 ta Indonesiya, +84 ta Vietnam, +855 ta Kambodiya. Amma kada ku kori mutum don lambar ƙasarsa kawai. Shi wancan mai tsohon gurup ɗinmu ya taɓa korar wata 'yar'uwa da ke karatu a Malesiya don ya ga +60, ko tambayarta bai yi ba, ni aka bari da ba ta haƙuri.

Su iyayen da suka ga abin, ki kira su ɗaya-ɗaya ki yi musu bayani da kanki, kada ki tsaya a sanarwa cikin gurup, yawancinsu ba su san baƙo na iya shigowa ta linki ba, gani suke ke kika kawo shi. Sannan ki faɗa mana mambobinki nawa ne, kuma ke kika buɗe gurup ɗin ko wani ya buɗe ya sa ki admin? In wani ne, ki nemi ya miƙa miki mallakar tun kuna shiri. In ya ƙi, ki fara tattara mutanenki.