Durian, wanda ƙayarsa ta raɗa masa suna

Kawu, barkanku da warhaka. Kun tambayi abin nan mai ƙaya da kuka ga yara sun zagaye a hoto, ko mu Hausawan Malesiya har ci muke yi. Ci kam ana ci, amma ba kowa ba.

Sunansa durian. A harshen Malay ƙaya ita ce duri, sai aka liƙa mata -an, ya zama mai ƙaya ke nan. Haka suka yi wa rambutan, wani ɗan itace ja mai gashi-gashi, don rambut gashi ne. Mutanen Indonesiya ma haka suke kiransu.

Inda suka raba hanya shi ne a kan wani ɗan itace mai tsami-tsami, ɗan asalin nahiyar Amurka. Nan ana ce masa durian belanda, wato durian ɗin mutanen Holan, alhali ba su haɗa dangi ba, bawonsa ne kawai ke da 'yan ƙayoyi masu laushi. Mutanen Holan sun ƙwace Malaka, wani birni a nan Malesiya, daga hannun Fotugal a 1641, kuma baƙon abu akan jingina musu shi, har talo-talo ayam belanda ne, kazar Holan. Indonesiya kuwa sirsak suke cewa, daga zuurzak na bakin Holan ɗin.

Warinsa ne ya raba mu gida biyu. Sabon zuwa toshe hanci yake yi, matanmu da yawa ba sa barin a shigo da shi ɗaki, otal-otal ma sun hana. Yaran da aka haifa nan kuwa, daga Yuni zuwa Agusta ba su da wata magana. A rumfar bakin titi muke ci, da hannu, mu bi shi da wani ɗan itace da ake kira manggis, don maƙwabta sun ce durian na ɗumama jiki, manggis na sanyayawa. Ni dai na bi yaran.

A Malesiya ba a tsinko shi, jira ake ya nuna ya faɗo da kansa. Shi ya sa in arziki ya faɗo wa mutum bagatatan sai su ce ya sami durian runtuh, wato durian da ya faɗo.

Tsarabarsa kam ku yi haƙuri, Kawu, kamfanonin jirgi da yawa ba sa yarda a hau da shi. A gaida su Inna.