Asalin kalmar bangalo

Malam, ka tambaya ko kalmar bangalo, wadda ake kiran ƙaramin gida marar bene da ita, Turanci ce tun asali. Amsar ita ce Turawan Ingila aro ta suka yi daga Indiya. A harshen Hindi, "bangla" na nufin abin da ya fito daga yankin Bengal, wato ƙasar da a yau ta rabu tsakanin Bangladesh da gabashin Indiya, saboda haka ma'anar farko ita ce gida irin na mutanen Bengal.

Gidan da ake nufi bukkar manoma ce mai rufin ciyawa, wadda rufinta yake gangarowa ya wuce bango domin ya tare ruwan damina mai yawa da zafin rana. Ma'aikatan kamfanin cinikin Ingila na Gabashin Indiya sun fara amfani da kalmar tun ƙarni na 17, daga baya suka faɗaɗa ginin, suka kewaye shi da baranda, ya zama masaukin jami'ansu. Wajen 1870 aka gina irinsa a gaɓar tekun Kent da ke Ingila, sannan ya bazu a Amurka, musamman Kalifoniya, a farkon ƙarni na 20.

A ganina, barandar ce ta fi bayyana asalinsa, kuma duk wanda ya lura da tsofaffin gidajen Turawan mulkin mallaka a unguwannin GRA na Kaduna ko Zariya zai ga wannan tsari, da faffaɗan rufi da inuwa ta kowane gefe.