Amsa ga 'yar'uwa mai idon da ba ya daina hawaye

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun da safe, na bari sai na sallami yara na samu zama, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce wata takwas ke nan idonki na hagu yana zubar da hawaye, ba kuka ba ciwo, kin ɗiga magani kala uku daga kemis, ya lafa ya dawo, yanzu kuma an ce ki gwada tozali da zuma. Ni ba likita ba ce, ɗinki nake yi. Amma wannan lalurar ta sauka gidanmu sau biyu, a idona da idon Innarmu, kuma da aka bincika dalilinmu bai zo ɗaya ba, maganin ma haka.

Bari in fara da abin da wani likitan ido ya zana mini a bayan katina, shi ne ya warware mini komai. Hawaye ba sai an yi kuka yake zuwa ba, kullum ido yana cikin yin sa. Daga can saman ido ta gefen kunne yake fitowa, ƙiftawa ta shafa shi a kan ƙwayar ido, sannan ya gangara lungun ido na wajen hanci. Ki tsaya gaban madubi ki ɗan ja fatar idonki ta ƙasa, za ki ga wata 'yar kafa kamar hudar allura kusa da hanci. Akwai irinta a fatar sama. Ta nan hawaye ke shiga wani siririn bututu ya zube cikin hanci, shi ya sa mai kuka yake jan majina. Likitan ya ce in ɗauka soro ne da indararo. In kin ga ruwa na bin bango, ko dai ruwan saman ya fi ƙarfin indararon, ko kuma indararon ne ya toshe. Kafin a san wanne ne, duk abin da aka ɗiga lalube ne cikin duhu.

Nawa na farkon ne. Shekara kusan uku idanuna biyu suna zuba, ya fi tsanani da hunturu, in hazo ya sauka. In na hau babur zuwa Kantin Kwari sayen yadi, kafin in isa gefen hijabina ya jiƙe, har wata mai shago ta taɓa riƙe hannuna tana tambaya ko rasuwa aka yi. Da dare in na duƙufa kan keke, fanka na bugun fuskata, sai in ji kamar an watsa mini yashi, daga nan sai ruwa shar. Ranar da aka ce mini wai idona bushewa yake yi, dariya na yi. Idon da na rasa hankicin da zai ishe shi? Ashe a gefen fatar ido, wajen tushen gashi, akwai wasu ƙananan kafofi masu fitar da maiƙo, shi ke rufe hawaye ya hana iska shanye shi. Nawa sun daskare. Ido ya bushe ya yi zafi, sai jiki ya kawo ɗauki da ruwa tsararo mai yawa, wanda ba ya zama, zubewa kawai yake yi.

Amma kafin in kai ga jin wannan bayanin na riga na yi wa kaina ɓarna, kuma saboda ita na zauna rubuta miki wannan dogon zance. Wani mai kemis a unguwarmu ya ba ni wani ɗigo, kwana biyu idona ya yi fari tas, ƙaiƙayi ya tafi. Na ce na samu magani. In ya ƙare in aika yaro da kwalbar a sayo wani, haka na yi wajen wata bakwai. Ranar da na je asibiti, ba ma don hawayen ba, don zare ya fara yi mini gardama a allura, aka auna ƙarfin ruwan cikin idona aka samu 31 a dama. Na lafiya ba ya wuce 21. Likita ya karɓi kwalbar ya juya ta, ya nuna mini rubutun dexamethasone da ɗan yatsa, ya yi shiru na ɗan lokaci. Irin wannan maganin, in aka daɗe ana ɗigawa ba mai dubawa, yana jawo hawan jinin ido, wato ƙarfin ruwan cikin ido ya hau, da yanar ido. Yana ana cire ta a gani, amma abin da hawan jinin ido ya cinye na jijiya ba ya dawowa. Allah ya taimake ni an tare da wuri. Don haka ki ɗauko kwalaben nan uku yanzu ki duba jikinsu. In kin ga dexamethasone, ko betamethasone, ko prednisolone, kada ki sake sayo wani, kuma ki tafi da su asibiti ki faɗi tsawon lokacin da kika yi kina sawa, ki roƙa a auna miki idon.

Abin da ya yi mini aiki daga baya har kunya yake ba ni don sauƙinsa. Tawul mai tsabta a ruwan ɗumi, in matse in ɗora a kan ido a rufe minti biyar zuwa goma, safe da dare, sannan in murza gefen fatar a hankali in goge. Sai ɗigon jiƙa ido, wanda nake wa laƙabi da hawayen kanti, sau huɗu a rana. Na juya fanka ta daina kallon fuskata, na sayi tabarau na hawa babur, na matsar da murhu daga lungun da hayaƙi ke taruwa. Ba a kwana ɗaya ba, sai da na yi wajen wata biyu kafin in lura na daina yawo da hankici. Har yau in hunturu ya kama na yi sakaci, yana tuna mini.

Na Inna kuwa daban, kuma gaskiya shi ya fi kama da naki. Ido ɗaya ne, na dama, ba ruwansa da damina ko rani, ko a ɗaka take yana zuba. Ta goge har fatar wajen ta yi baƙi ta saɓule. Da safe kwantsa ta manne idon. Ta ce tsufa ne, a ƙyale ta. Sai da lungun idon wajen hanci ya kumbura ya yi ja, in an danna mugunya ta fito ta cikin idon, sannan ta yarda muka tafi. Bayan an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta kumburin ya saɓe, aka yi mata wani gwaji a gabana. Aka ɗiga mata maganin kashe zafi, aka zura wani siririn ƙarfe marar tsini a 'yar kafar nan, aka tura ruwan gishiri da sirinji. Likita ya ce, "Inna, in kin ji gishiri a maƙogwaro ki ɗaga hannu." A idon hagu nan take ta yamutsa fuska ta haɗiye. A na dama kuwa ruwan ya dawo waje ta kafar sama, haɗe da wani abu mai yauƙi, hannunta na kan cinya bai motsa ba. Ko minti goma ba a yi ba an gano abin da muka shekara biyu muna saye wa ɗigo. Bututun ya toshe, kuma babu ɗigon da ke buɗe shi a jikin babba. Aiki aka yi mata, aka buɗe sabuwar hanya ta ƙashin gefen hanci, aka bar wata siririyar roba a ciki na 'yan watanni sannan aka zare. Tabon ma sai kin matso za ki gani. Rigimar da muka sha kafin ta yarda da kalmar tiyata ta fi aikin kansa wahala.

Ban ce naki toshewa ba ne, ban gan ki ba. Amma ido ɗaya, wata takwas, babu ciwo, ni dai da wannan gwajin zan fara. Akwai wasu dalilan da ake dubawa. Gashin ido kan juya ciki ya riƙa gogar ƙwayar ido, musamman ga wanda ya sha fama da amosanin ido tun yana yaro, kuma tsige gashin da mata ke yi da ɗan hantsaki ba ya magani, sake tsirowa yake yi da kaifi, ƙaramin aiki ake yi a gyara fatar. Tsofaffi fatar ƙasa kan saki ta faɗo waje, kafar ta bar jikin ido. In da ƙaiƙayi mai tsanani a ido biyu da atishawa, wannan ƙura ce ko wani abin da jiki ba ya so. Afolo kuwa kin san shi, da ja da zafi yake zuwa ya zagaye gida, sati ɗaya ko biyu ya wuce, ba ya wata takwas.

Na ga wata ta yi tambaya a ƙarƙashin taki game da idon jaririnta da ke zubar da hawaye. Jarirai da yawa ana haifarsu ƙarshen bututun bai gama buɗewa ba, kuma wajen tara cikin goma yana buɗewa da kansa kafin su shekara. Ana koya wa uwa ta riƙa danna lungun idon da tsabtataccen yatsa tana shafawa ƙasa ta gefen hanci. Amma in jariri bai yi wata ba idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, ko yana gudun haske baƙin idonsa ya yi girma ya yi hazo-hazo, wannan ba na jira ba ne, ranar za a kai shi. Kuma don Allah a daina tatsa nono a ciki.

Batun tozali da zuma, 'yar'uwa, ki bar shi. Na san kwalli adonmu ne, ni ma na tashi ina sawa, amma an sha auna irin na dutsen nan ana samun dalma a ciki, ga mucin da ake zagayawa da shi daga ido zuwa ido. In bututu ne ya toshe, me zuma za ta yi masa? Balle ruwan sikari da ruwan albasa da fitsari da ake ba mutane shawara, da yawan hakiyar da kike gani a idon mutane daga nan ta samo asali.

Ba ki faɗi garinku ba. In kina kusa da Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makka da sashen ido na asibitin Malam Aminu Kano, kuma manyan asibitocin jihohi galibi suna da ɓangaren ido. Ki yi sammako don layi, ki je ba kwalli a idonki, kwalaben na cikin jaka. In kuma kafin ranar kika ji zafi mai tsanani, ko ganinki ya ragu, ko haske ya fara damunki, ko gefen hancin ya kumbura, kada ki jira ranar da kika sa.

Allah ya ba ki lafiya. In kin dawo ki faɗa mana ko kin ji gishirin a maƙogwaro.