Amsa ga ƙanin da ke son budurwarsa ta ɗauko shi Ingila ba a ɗaura aure ba

Salam ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce yarinyar da kake nema haifaffiyar Birmingham ce mai fasfon Birtaniya, iyayenta 'yan Kano, kun haɗu da suka zo hutu gida, yanzu kun haura shekara biyu kuna tare a waya, kuma wani ya ce maka akwai bizar da za ta iya ɗauko ka ko ba aure. Toh ba ƙarya ya yi maka ba, akwai, sai dai rabin zancen ya baka.

A da sai kun zauna gida ɗaya shekara biyu cur kafin ma a saurare ku. Daga 31 ga Janairun 2024 hukumomin Birtaniya suka sassauta, yanzu abin da suke so ka nuna shi ne shekara biyu kuna cikin alaƙa mai kama da ta ma'aurata, kuma sun yarda ana iya rashin zama tare saboda aiki ko karatu ko don al'adarku bata yarda da hakan ba. Kaga a takarda kamar da mu aka rubuta. Amma wanda zai duba fayil ɗinka bai san ku ba, hujja yake nema, tikitin jirgin da ta hau ta zo, hatimin shiga Najeriya a fasfonta, hotunanku tare a lokuta daban daban, kuɗin da kuke tura wa juna, kuma dole kun taɓa haɗuwa ido da ido. Hirar WhatsApp kaɗai ko ta cika buhu bata da wani nauyi a wajensu.

Ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani dan Allah. Bizar nan sharaɗinta shi ne in ka sauka za ku tare gida ɗaya, kuma in za ka sabunta sai ka kawo wasiƙun da ke zuwa da sunanka da nata a adireshi ɗaya, na haya, na wuta, na banki. Yanzu kai a ganinka Alhaji zai bar 'yarsa ta tare da kai a ɗaki ɗaya ba a shafa fatiha ba? Ko don yana Birmingham? Wlh mutanenmu na nan sun ma fi na gida tsanani a wannan fannin. Tunda auren dai za a yi ko ba jima ko ba daɗe, ka tura magabatanka a ɗaura shi a Kano, ta zo a yi da ita, ku karɓi takardar shaidar aure ta hukuma ba wadda liman zai rubuta da biro kawai ba, sai ka nemi bizar miji. Birtaniya tana amincewa da auren da ya halatta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, kuma kuɗin biza ɗaya ne, sharuɗɗan ɗaya, ka ma huta da wahalar tabbatar da shekara biyun nan.

Kuma ni duk ba wannan ne ya fi damuna ba, albashinta ne, wanda baka ambata ba sam. Tun Afrilun 2024 sai tana samun fam 29,000 a shekara, a da 18,600 ne, kuma nata za a duba ba naka ba, kasuwancinka na Kwari ko Farm Centre baya shiga lissafi. Yawanci takardun albashi na wata shida suke so da na banki da suka yi daidai da su. In ɗaliba ce ko aikin wucin gadi take yi wanda albashinsa bai kai hakan ba toh magana ta tsaya, sai dai in kuna da ajiyar fam 88,500 da ta kwana wata shida a asusu, wanda ni dai ban cika ganin mai shi a cikinmu ba. Ka tambaye ta wannan yau, cikin hikima, kafin ka kashe ko kwabo.

In wannan ya yi, saura jarrabawar Turanci ta matakin farko, gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi a Abuja ko Legas, shaidar inda za ku zauna. Kuɗin biza da na lafiya, shi na lafiyar fam 1,035 ne duk shekara kuma gaba ɗaya ake biya, za su haura fam dubu biyar in an haɗa. Wata 33 za su fara baka, ka sabunta ka sake biya, sai bayan shekara biyar ka nemi zaman dindindin, kuma duk tsawon lokacin nan takardarka a jikin auren take, in kun rabu ana iya yanke ta.

Akwai bizar baiko ma, wata shida, ka shigo a ɗaura a nan, amma ba a aiki da ita ko na awa ɗaya kuma za ka sake biyan wani kuɗin ka canja bayan aure. Masu ce maka ka shigo da bizar ziyara sai a gyara daga ciki kuwa kar ka kula su, ba a canja ta ziyara zuwa ta iyali daga cikin ƙasar, gida za a ce ka koma ka nema. Ka fara jin batun albashin tukuna sai ka sake rubuto min.