Na kira kansila ɓarawo a TikTok, 'yan sanda na nemana

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Na ɗauki bidiyon kwalbatin unguwarmu da aka bari a buɗe, na ɗora a TikTok, cikin fushi na ce kansilanmu ɓarawo ne, ya cinye kuɗin aikin. Yanzu 'yan sanda sun aiko in je. In goge bidiyon ne ko in ɓuya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ɓuya, amma kada ka je kai kaɗai.

Magana biyu ce a bidiyonka. Nuna kwalbatin da tambayar ina aikin ya tsaya haƙƙinka ne, sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka. Matsalar tana wajen "ɓarawo". Sashe na 391 na dokar Penal Code da Kano ke aiki da ita ya mai da ɓata suna laifi, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka. Amma dokar ta ware gaskiyar da aka faɗa don amfanin jama'a, da ra'ayin da aka bayyana da kyakkyawar niyya kan yadda mai muƙami ke aikinsa. To, kana da takardar da ta nuna an fitar da kuɗin, kuma ta hannunsa suka bi? In babu, ramin kwalbati kaɗai ba zai tabbatar da sata ba.

Za a iya yi maka barazana da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. An yi mata gyara a 2024, an cire zancen "ɓata rai" da "cin fuska" da aka daɗe ana kama mutane da shi. Kuma babbar kotun tarayya ce ke da hurumin shari'ar laifukan wannan doka, ba majistare ba. Duk da haka kada ka saki jiki: a Nuwambar 2022 wata kotun majistare a nan Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 da tara da sharar kotu ta kwana 30 kan bidiyon barkwanci game da gwamnan wancan lokaci, Abdullahi Ganduje, bayan sun amsa laifi.

Saboda haka ka tafi da lauya, kada ka rubuta jawabi ko ka sa hannu sai yana nan; sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru. A cikin birni, inda kotu ke kusa, bai halatta a tsare ka fiye da kwana ɗaya ba a kai ka gaban alƙali ba. Beli a caji ofis kyauta ne, ko da yake mun san yadda ake yi. In ba ka da kuɗin lauya, nemi ofishin Legal Aid na Kano, hukumar gwamnati da ke ba marasa hali lauya kyauta.

Gogewa ba za ta fisshe ka ba, wasu sun riga sun sauke. Adana asalin bidiyon a wayarka. Shawarata ita ce a sa dattawan unguwa su shiga tsakani: ka janye kalmar "ɓarawo" a rubuce, shi ya janye ƙorafi, zancen kwalbati kuwa ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.