Amsa ga mai tambaya kan wanke kujerun falo

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kujerunki na yadi ne, sun yi dauɗa, ga tabon manja a hannu ɗaya, ga zarnin fitsarin yaro, kuma kina shirin fitar da su tsakar gida ki wanke da Omo da Hypo kafin Sallah. Don Allah ki ajiye bokitin nan tukuna.

Na daɗe ina fama da kujeru a gida mai yara, kuma abin da na ga ya fi lalata su shi ne yawan ruwa. Ƙarƙashin yadin nan soso ne, ƙarƙashin soso katako da ƙusoshi. Yadi kan bushe a yini guda, soso kuwa sai ya kwana uku yana riƙe da danshi. Daga nan sai fumfuna da wari, katako ya kumbura, tsatsar ƙusa ta ɓullo ta jikin yadi.

Ki fara da ƙura. Ki jiƙa tsohon zani, ki matse shi sosai, ki shimfiɗa kan kujerar ki riƙa bugawa da muciya. Ƙurar za ta manne a zanin maimakon ta tashi ta cika falo. Wajen share lungunan kujera kada ki zura hannu kai tsaye, can fil ɗin ɗankwali da reza suke ɓuya.

Sannan ki haɗa kumfa: ruwa mai ɗumi lita 1, ƙaramin cokali 1 na sabulun wanke-wanke na ruwa, ki kaɗa. Kumfar kaɗai za ki riƙa ɗiba da farin tsumma. Ki fara gwadawa a bayan kujera inda ido ba ya kaiwa. In launi ya biyo tsumman, to yadin ba ya son ruwa, ki tsaya nan. Kujerun ƙasar waje sukan zo da 'yar takarda a ƙasan kushin: W na nufin ruwa ba matsala, S ba a sa mata ruwa, X kuwa kakkaɓewa kawai. Kafintocinmu ba sa saka wannan, shi ya sa gwajin ya zama dole. Ki goge fuska guda daga ɗinki zuwa ɗinki don kada shatin ruwa ya fito, ki bi da wani tsumman mai tsabta da kika matse. Omo na gari yana barin fari-fari a yadi, kuma wurin ya fi saurin sake kama datti.

Manja kuwa, ki kankare na sama da cokali, ki barbaɗa sitaci ko hodar jarirai, ki bar shi wasu awanni ya tsotse man, ki kakkaɓe, sannan kumfa. Dannawa ake yi daga gefe zuwa tsakiya. Dirza shi faɗaɗa tabon yake yi.

Fitsari dai sai da ruwa saboda tsarki. In kushin yana da zif, ki cire rigar ki wanke, ki wanke soson daban ki jingine shi inda iska ke kaɗawa. In ba ya cirewa, ki zuba ruwa kaɗan a daidai wurin, ki danne da busasshen tawul ya tsotse, ki maimaita har ranki ya kwanta. Ki bi da khal rabi ruwa rabi, in ya sha iska ki barbaɗa bekin soda ya kwana, da safe ki share.

Hypo kam ki manta da shi. Zai cinye launin yadin, kuma in ya haɗu da khal, ko Harpic, ko fitsarin da ya kwana, iska mai guba yake fitarwa da ke ƙona ido da ƙirji. Mai asma da jariri su suka fi shan wuya. Masu ba da shawarar fetur ko kananzir don cire maiƙo ma kada ki saurare su: soso ya sha fetur, a falon da ake shiga da kaskon turaren wuta? Haka in kin ci karo da kuɗin cizo a ɗinki, kada ki fesa fiya-fiya ko Sniper. Sniper maganin gona ne, NAFDAC ta sha gargaɗi a kan amfani da shi cikin ɗaki, kuma yaranki a kan kujerun nan suke kwanciya.

Ki yi aikin da hantsi, tagogi a buɗe, fanka na kaɗawa. Kada ki baza su a tsakar rana, launi zai koɗe. Kafin kowa ya zauna, ki danna farar takarda da ƙarfi a kan kushin. In ta yi danshi, da saura. Turare sai bayan sun bushe sarai, kaskon kuma nesa da yadi. In Sallar ta faɗo cikin damina, ki fara tun saura mako guda, kujera ɗaya-ɗaya, don a samu wurin zama.