Muna Son Fara Kai Baƙi Ula da Abha: Me Kamfanin Hutu Ke Yi Kan Muhalli da Jama'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ni mazaunin Jidda ne, ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke karɓar masu Umra daga Kano, Sakkwato da Yamai. Tun da aka ba mai bizar Umra damar zagaya ƙasa, baƙinmu suka fara neman mu kai su Ɗa'ifa, Abha, har Ula. Maigidana ya nemi haɗin gwiwa da wani kamfanin hutu na Turai, sai suka ce mu fara aiko musu da tsarinmu na kare muhalli da kyautata wa jama'a. Maigida ya ce in rubuta shafi ɗaya, mu manna hoton bishiya a sama. Haka manyan kamfanoni ke yi? Me ake son gani a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaya wa maigidanka cikin ladabi, hoton bishiya ba zai kai ku ko'ina ba. Wanda zai karanta takardar a can shi ma akwai masu bincikensa, kuma duk abin da kuka rubuta shaida zai nema a kai.

Kamfani irin naku ba shi da jirgin sama, ba shi da otal, galibi ma motocin haya yake ɗauka. Abin da ke hannunsa shi ne zaɓi. Shi ke zaɓar masauki, shi ke tsara hanya, shi ke yanke mutum nawa za su shiga ayari, kwana nawa za a yi, a ina za a ci abinci, a wane shago za a tsaya tsaraba. Kamfanin da ya ɗauki maganar da gaske, a nan za ka gane shi: cikin kwangilar da ya rattaba da otal da mai motoci, da cikin littafin kuɗinsa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya na wata majalisar yawon buɗe ido ce mai suna GSTC, ta kasa shi gida huɗu: yadda ake tafiyar da kamfani, amfanin mutanen wuri, kare al'adu da kayan tarihi, sai muhalli. Kamfanonin Turai da dama suna neman takardar shaidar Travelife, wadda aka gina a kan wannan ma'auni. Wasu kuma sun sa hannu a Sanarwar Glasgow ta watan Nuwambar 2021, inda masu sana'ar suka yi alkawarin rage rabin hayaƙin da suke fitarwa kafin 2030. Ka bincika ko abokan hulɗar naku suna ciki. In suna ciki, lissafi za su nema daga gare ku, don hayaƙinku yana shiga nasu lissafin.

Mafi nauyi a wannan lissafi jirgin sama ne. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa yawon buɗe ido na da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma sufuri ne ke kan gaba. Daga Kano zuwa Jidda ya haura kilomita 3,000, zuwa da komowa ninki biyu ke nan, ba kuma yadda za ku yi da wannan. Amma a nan kuna da hujjar da kamfanin Turai ba shi da ita: baƙonku ya riga ya zo Umra. Ƙara masa kwana biyar a Ɗa'ifa ko Ula bai ƙara jirgi daga Najeriya ba. Abin da ya rage gare ku zirga-zirgar cikin gida. Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, da lantarki yake tafiya, kilomita 450 tsakanin Makka da Madina ta Jidda, cikin ƙasa da awa uku. Daga Madina zuwa Ula kuma kilomita 300 ne da ɗoriya a mota. Mai tsara tafiya da hankali zai jera Makka, jirgin ƙasa zuwa Madina, bas cike zuwa Ula, ya bar mayar da mutane Jidda don su hau jirgin sama. Bas guda mai mutum 45 ya fi jerin manyan jif tara, ga sauƙin kuɗi.

Za a zo muku da tallar biyan diyyar hayaƙi, wato ku ba da kuɗi a dasa bishiyoyi a madadin abin da kuka ƙona. Ban hana ba, amma ni ba na sa shi a gaba. Saudiyya ta ƙaddamar da shirinta na koren ƙasa a 2021 da burin dasa bishiya biliyan 10, don haka masu neman kuɗin dashe ba za su yi wuyar samu ba. Tambayar da za ka yi wa kowannensu: wa zai shayar da dashen a shekara ta uku, kuma da wane ruwa?

Ruwa kuwa shi ne abin da baƙo daga gida ba ya lura da shi, don ya buɗe famfo ya ga yana zuwa da ƙarfi fiye da na unguwarsu. Ƙasar nan ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara. Ruwan da ake sha a Jidda da Makka akasarinsa na teku ne da aka cire wa gishiri, tashar Shu'aiba na daga manyan masu samar da shi, har Ɗa'ifa ake tura shi. Abha kuma, da ke kan tsauni sama da mita 2,000, daga tashar Shuƙaiƙ a bakin Bahar Maliya ake hauro mata da ruwa ta bututu. Kowane tawul da aka wanke a otal ɗin Abha, an ƙona makamashi wajen tace ruwansa, an sake ƙonawa wajen hawa da shi dutse. Saboda haka kamfanoni masu tsari kan tambayi otal tun kafin kwangila: lita nawa kuke kashewa a kan baƙo ɗaya a dare ɗaya? Da me kuke ban ruwan lambu? Kuna canja zanen gado kullum ne ko sai baƙo ya nema? Otal ɗin da ba ya iya amsa ta farko bai taɓa aunawa ba.

Sai gorar roba. Ka leƙa ƙarƙashin kujerun bas bayan ziyarar Uhudu da Ƙuba, ka ga ƙananan gororin nan, an sha rabi an yar. Maganinsu ba wuya: babbar jarka mai sanyi a bayan mota, kowane baƙo a ba shi gora ɗaya mai sunan kamfani tun ranar sauka. Talla ce ma kyauta, don da ita zai koma gida.

A hanyar Hada, in an taso daga Makka za a hau Ɗa'ifa, akwai inda gwaggon birai ke zama a kan katangar titi suna jiran motoci. Direba ya rage gudu, a zuge gilashi, wannan ya jefa ayaba, wancan biskit da ledarsa, yara na ihu ana ɗaukar bidiyo. Biran sun saba, sun bar neman abinci a dutse, sun yi yawa, suna shiga gonaki da gidajen mutane. Cibiyar kula da namun daji ta ƙasa ta hana ciyar da su, akwai tara a kai. Baƙo bai san wannan ba, a ganinsa sadaka yake yi. Aikin jagoranku ne ya yi bayani tun a gindin dutse, kafin a ga biri na farko. Haka batun kwanan sahara. Dokar muhalli ta 2020 ta zo da tsanani, kuma akwai dakaru na musamman da ke sintiri: safara ko sayar da itacen girki na cikin ƙasa tararsa na kaiwa riyal 16,000 a kan kowace kubik mita, hura wuta a inda ba a keɓe ba kuma har riyal 3,000. Bishiyar samur, 'yar uwar bagaruwa, shekaru take yi kafin ta yi kauri, ga shi a dare ɗaya ake ƙone ta don gasa nama. Ku sayi gawayin da aka shigo da shi daga waje, ku ajiye rasit.

In za ku kai mutane ninƙaya a Bahar Maliya, ku zaɓi mai kwalekwalen da ba ya jefa anga a kan murjani, jagora kuma ya hana takawa da ɓallowa. Kamfanin Red Sea Global, mallakar asusun zuba jari na gwamnati, ya ce cikin tsibirai sama da 90 na yankinsa 22 kaɗai zai gina, baƙi kuma ba za su wuce miliyan ɗaya a shekara ba. Ku ba ku kai nan ba, amma darasin iyakance adadi ya shafi kowa: ayarin mutum 15 da na mutum 60 ba ɓarna ɗaya suke bari ba.

Abinci ba sai na tsawaita ba, ka san yadda ake kwashe tiren kabsa, shinkafa da nama, an ci rabi an bar rabi. Binciken hukuma da aka fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 33 cikin 100 na abincin ƙasar nan asara yake tafiya. Ku ba mai dafuwa ainihin adadin mutane, abin da ya ragu mai tsabta kuma akwai ƙungiyoyi irin su Iɗ'am da ke karɓa su raba.

Ɓangaren jama'a shi ne wanda aka fi tsallakewa, ni kuwa a nan nake auna kamfani. Direban da ya taso Madina da asuba, ya kai Ula, ya yini yana jira a rana, aka ce ya juyo cikin dare don a tsira da kuɗin ɗakinsa, rayukan mutum 45 ne a hannunsa. Kwangilarku da mai motoci ta faɗi awa nawa direba zai yi tuƙi, a ina zai kwana, wa zai ciyar da shi. Ta faɗi cewa albashi ta banki ake biya kan lokaci, kamar yadda tsarin kare albashi na ma'aikatar ƙwadago ya tanada, kuma ba a riƙe fasfon ma'aikaci, wanda dama doka ta hana. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa mutum aiki a rana tsakanin sha biyu da uku na yamma, wannan ya haɗa da masu lodin jakunkuna da masu kafa tanti. Yawancin masu waɗannan ayyuka baƙi ne, 'yan Bangaladash, 'yan Sudan, 'yan Yaman, har da namu. Kada ku ce ma'aikatan wani ne ba naku ba. Mai bincike ba ya karɓar wannan amsa, kuma yana da gaskiya.

Sai kamasho, wanda kowa ya sani ba mai son faɗa. Bas ya tsaya a shagon dabino guda, kullum shi ɗin, a ce wa alhazai nan ne ajwa ta asali, jagora ya zagaya baya ya karɓi nasa. Baƙo ya saya da tsada, manomi bai ga komai ba. Ba na cewa jagora ya yi aikin banza. A biya shi albashin da zai ishe shi, in akwai la'ada a bayyana ta. Sa'an nan a karkatar da kuɗin tsaraba inda zai zauna a garin: masu tatsar ruwan wardi a Ɗa'ifa lokacin furanni a Maris da Afrilu, masu zumar magarya a Asir, gonakin dabino da lemo a Ula, matan ƙauyen Rijal Alma a Asir masu zanen bango na Ƙaɗɗ, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2017. Kamfanoni masu lissafi kan fitar da adadi a ƙarshen shekara: cikin kowane riyal 100 da baƙo ya biya, nawa ya tsaya a hannun mutanen wurin. Jagoran da za ku ɗauka kuma ya zama mai lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido, ɗan yankin in da hali, naku ya tsaya a tafinta. A ja kunnen baƙi kan ɗaukar hoton mata da yara ba izini.

Akwai abu ɗaya da takardun Turai ba za su tambaye ka ba, amma baƙinka za su tambaya. Hijir, wato Mada'in Salih, shi ne wuri na farko a Saudiyya da ya shiga jerin UNESCO a 2008, da kaburbura 111 da Nabaɗawa, wata al'umma ta zamanin da, suka sassaƙa a jikin dutse. Mai karatun addini ya san hadisin da ke Bukhari da Muslim, lokacin da Annabi (SAW) ya ratsa wurin a hanyar Tabuka ya yi hani da shiga gidajen waɗanda aka halaka sai ana kuka. Malamai sun yi magana a kai, ba hurumina ba ne in yi fatawa. Hurumin kamfani shi ne ya faɗa wa mutum gaskiyar inda za a kai shi tun yana Kano, kuma ya tanadi wani shiri, tsohon garin Ula ko gonaki, ga wanda bai son shiga. Kada dattijuwa ta biya kuɗi sai a bakin ƙofa ta ji sunan wurin. Ziyarar can dama da tikiti ake yi ƙarƙashin hukumar Ula da aka kafa a 2017, ba a sakin mutane su hau ko su yi rubutu a dutse, abin da idonmu ya saba gani a Jabalun Nur.

Takardar da za ka rubuta kada ta wuce shafi biyu. Ka sa abin da kuke yi yanzu, ko da kaɗan ne, ka ware shi daga abin da kuke niyya. Ku ɗauki alkawari uku ko huɗu da za a iya ƙirgawa, kowanne da wa'adi da sunan muƙamin wanda zai bi shi, misali daina raba ƙananan gorori kafin Ramadan mai zuwa, ko sa sharaɗin hutun direba a duk sabuwar kwangila. Daga tafiya ta gaba ku buɗe littafi: kilomita nawa aka yi, da wace irin mota, mutum nawa, kwana nawa a wane otal, nawa aka kashe a hannun 'yan gari. Maigida ya sa hannu da kwanan wata, a fassara wa direbobi da jagorori da Larabci da Hausa, kwafi ɗaya ya zauna a kowace mota.